Fenti a Farcen Liman

Ni mai fentin mota ne. Ba irin masu feshin nan da ke ɗaure hanci da ƙyalle su watsa wa ƙaramar mota launi ɗaya ba. Mai zanen bodin katako nake, na manyan motocin da ke ɗaukar albasa da shanu daga Kano zuwa kurmi. Shekara goma sha tara na yi a Ƙofar Ruwa da buroshi a hannu. Boko a aji huɗu na tsaya, allo kuwa na ɗan yi nisa, ina da izu ashirin da wani abu a ka. Da waɗannan biyun na shigo Amurka, na tarar ba mai neman ko ɗaya. Motocinsu ba a zana su, leda ce ake bugawa a inji a liƙa. Sai na ƙare a wurin wankin mota a Bronx, ina goge wa sa'o'in 'ya'yana taya, daga shida na safe zuwa uku na rana. Ruwa da sabulu da sanyin garin nan suka tsattsage mini hannu, kowane yatsa da nasa faso.

Wuri ɗaya ne a duk New York ake tashi a ba ni hanya. Ɗaki ne a ƙarƙashin kantin Alhaji a Morrisania. Alhaji dattijo ne ɗan zangon Kumasi, mai sayar da doya da manja da busasshen kifi, shi ya shimfiɗa kafet a ɗakin ajiyarsa ya mai da shi masallaci. Matakala goma sha ɗaya ake sauka, a sunkuya saboda bututun ruwan zafi. Sahu uku da rabi yake ci. Direbobin tasi ne yawanci, da masu gadi, da masu jinyar tsofaffi a gidaje. Limaminmu na asali ya tafi gida duba mahaifiyarsa, takarda ta hana shi dawowa, jama'a suka dubi juna suka tura ni gaba. Shekara shida ina jan magariba da lisha, da la'asar ɗin ranar Lahadi. A wurin aiki da yatsa ake kirana. A can ƙasa Malam nake. Ni nake raɗa wa jariransu suna, ni ake kira in an yi rasuwa a gida a zo a yi addu'a. Ban da wannan ba ni da komai a ƙasar nan, kuma na san haka tun a lokacin, ba sai da aka ƙwace ba.

Wajen lokacin da tasi ta waya ta fara kashe wa masu tasi mai launin rawaya kasuwa, wata Lahadi da safe na je Queens kai wa wani saƙo. A hanyar komawa tashar jirgi na wuce wani ɗan kanti, tagarsa cike da ƙananan jiragen sama da tankokin yaƙi da jiragen ruwa. Na ɗauka kayan wasan yara ne, har na wuce, sai idona ya faɗa kan wani kwali. Hoton babbar motar nan roka ne a jiki, mai dogon hanci, sak irin wadda na yi rabin rayuwata ina hawa bayanta da tsani. Ta soja ce, koriya, da tamfol, amma hancin nan ko a mafarki na san shi.

Mai kantin wani tsohon Bature ne, tabarau rataye da igiya a wuya. Ya buɗe kwalin ya nuna mini. Mota ce ta gaske aka rage ta sau talatin da biyar, aka zuba sassanta a roba, ɗari da wani abu, har da sitiyari da giya da madubi. Kai za ka yanke, ka haɗa da gam, ka yi fenti. Ya ce manya ne ke yi, yawanci tsofaffi irinsa. Sai ya kai ni gaban kantoci biyu na fenti ya tambaye ni wanne nake so, akirilik ko inamal. Da turancina na wurin wankin mota da nunin hannu muka fahimci juna: ɗaya na ruwa ne, ɗaya na mai. Ya ba ni shawara in ɗauki na ruwa. Ba wari, yana bushewa cikin minti kaɗan, a famfo ake wanke buroshi, kuma kowa yanzu can ya koma. Na ce ya buɗe mini na man. Gwangwanin bai kai na man zafi ba. Ya sa bakin sukundireba ya ɓalle murfin, na kai hanci. Ni ba mai kuka ba ne, ban kuwa yi ba, amma na daɗe ban mayar masa da gwangwanin ba. Na ɗauki ja, da rawaya, da shuɗi, da kore, da fari, da baƙi, da kwalbar tina, ruwan tsinka fenti da wanke shi.

Wanda bai taɓa riƙe buroshi ba zai ce fenti ai fenti ne. Ƙarya yake. Fentin mai yana da haƙuri. Ka ja layi, ya kwanta da kansa, sawun gashin buroshi ya ɓace kamar ba a taɓa ba. Ka sa ja a gindin fure, ka sa rawaya a bakinsa, kana da lokacin da za ka jawo wannan cikin wancan har ido ya rasa inda ɗaya ya ƙare. Wannan shi ne duk sirrin zanen bodi. In ya bushe kuma ya yi ƙyalli irin wanda ake hangowa daga nesa a titin Zariya. Kwana guda yake ɗauka kafin a taɓa shi, to sai me? Ina zan je?

Na yar da tamfol ɗin soja. Na riƙa tsinto 'yan sandunan katakon da ake gauraya kofi da su, na fere, na yi mata bodi irin namu, da ƙofar baya da tsani da akwatin kan direba. Ban zana abu mai rai ba. Tun ina Kano na bar zanen zaki da mikiya saboda maganar malamai, ka ga kenan ni ba mai taurin kai ba ne a kan addini. Furanni ne da ganye da igiyar ado, sai rubutu a goshi. Furen da a da nake yi kamar faifai, yanzu bai kai ƙwayar wake ba. Fentin da ake buƙata ɗigo ne. Shi ya sa na koma wa dabarar maigidana da ya koya mini aiki: in za a ja siririn layi, a kan farcen babban yatsan hagu ake haɗa launi. Yana kusa da ido, yana kusa da aiki, ɗumin jiki kuma na sa fentin ya saki. A nan kake gwada launi, a nan kake fiƙe bakin buroshi. Haka na ga ana yi, haka na yi shekara goma sha tara.

In lokacin sallah ya yi sai in goge da tina a tsumma. Amma tina a kan faso wuta ce. Nakan goge na sama, na gefen farce da wanda ya shige cikin tsagar fata in bar shi. A gida da kananzir muke wankewa mu yi alwala mu shiga sahu, hannun kowa da ɗigon launi, ba wanda ya taɓa ɗaga mana gira.

Akwai wani yaro da ya fara zuwa masallacin a shekarar. Na ce yaro, ya kai talatin. Ɗan Kano ne, amma Kanon da ake kai yara makaranta a mota. Gwajin jini yake yi a wani asibiti a Manhattan, jama'a suka liƙa masa Dakta, bai kuwa ƙi ba. Yana da ladabi, kuma ladabin nan nasa ya fi komai ƙona mini rai, domin ba ya barin maka inda za ka kama. Wata Lahadi bayan la'asar na juyo na shafa addu'a, aka fara gaisawa. Da ya zo kaina ya kama hannuna da hannu biyu, bai saki ba. Ya juya na hagun.

"Baba, a gafarce ni, wannan lalle ne?"

Na ce fenti ne.

"Na mai?"

Na ce na mai.

Ba a kunne ya faɗa mini ba. Matakala na nan, titi na nan, lambar wayata na wurinsa. A nan gaban mutum kusan talatin ya zaro waya ya fara bayani, murya ƙasa-ƙasa kamar mai ba majinyaci labari marar daɗi. Wai lalle launi ne kawai, ba shi da jiki, ruwa na ratsa shi. Fentin mai kuwa yana da jiki, yana hana ruwa taɓa fata, duk inda yake lam'a ce, kuma alwala da lam'a ba alwala ba ce. Da ya ga wasu ba su gane ba sai ya sauƙaƙa musu.

"Hukuncinsa ɗaya da jan farcen mata."

Wani daga sahun baya ya ce ashe liman kwalliya yake yi ba mu sani ba. Aka yi dariya, irin wadda ake toshe baki, ita ce kuwa ta fi ciwo. Ina da shekara hamsin da uku a ranar.

Na ce musu maigidana ya yi shekara arba'in yana sallah da fenti a hannu, ya je Makka sau biyu, har ya rasu ba a taɓa jin ya tsallake jam'i ba. Dakta ya ce Allah ya jiƙansa, Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba. Ka ji fa. Mutumin da ya ciyar da ni, ya aurar da ni, yaron da bai taɓa ɗaga abin da ya fi kwalbar jini nauyi ba ya mai da shi jahili a kabarinsa, kuma cikin addu'a.

Amma ba Dakta ne ya fi ba ni haushi ba. Akwai wani direba Bazazzagi da na fi sabawa da shi a duk masallacin. Ni na raɗa wa 'ya'yansa biyu suna. Lokacin da aka yi masa aiki a ciki ni na riƙa kai masa kunu asibiti. Shi ne ya matso ya tambaye ni, da gaske, fuskarsa duk ta sauya, wata nawa ke nan da na fara fentin. Na ce huɗu. Sai na ga yana lanƙwasa yatsu yana lissafin sallolin da zai rama. Dakta ya ce masa a'a, mamu ba ya ramawa tunda bai sani ba. Ya ce to, amma yatsun ba su daina motsi ba.

Alhaji ne mai ɗaki, shi ke yanke magana. Ya ce, da Hausarsu ta zango, "Malam, sallah ya fi fenti. Ka je ka wanke hannu. Yaron nan ya riƙe mana tukuna."

Tukuna. Na riƙe kalmar nan na hau matakala da ita.

Na fara gwada safar hannu ta roba, irin ta asibiti. Banza. Ba ka jin buroshi, kamar ka ci tuwo da cokali mai yatsu, gumi kuma ya taru a ciki ya jiƙa fason ya ƙara buɗewa. Kwana biyu na jefar. Ranar Lahadi na koma Queens na ce wa tsohon ya ba ni na ruwan. Ya yi murmushin wanda maganarsa ta fito, ya ce ai ya faɗa mini tun farko. Ban gaya masa dalili ba. Ta ina zan fara yi wa Bature bayanin lam'a?

Gefen dama na motar na riga na gama shi da na mai, saura na hagu da ƙofar baya, su kuma na shafa musu shuɗin ƙasa kawai. Na zuba ɗigon ja a murfin kwalba, tunda an haramta mini farcena, na ɗora a kan shuɗin. Ya ƙi zama. Ya tattare ya yi ƙwaya-ƙwaya kamar ruwa a kan leda. Ashe na ruwa ba ya kama ƙyallin na mai. Na kankare gefen gaba ɗaya da sanfefa, na sake daga katako. Wannan karon ya kama, sai dai kafin in ɗauko rawaya jan ya riga ya bushe. Hitar ɗakina irin ta tsofaffin gidajen Bronx ce, ba a rage ta, ko ta ƙone ka ko ta mutu. Fentin na bushewa a bakin buroshi tsakanin murfi da mota. Launi ba ya shiga launi, sai dai ya hau kansa, furen ya fito hawa-hawa kamar matakala. Kowane gashin buroshi ya bar sawunsa. Da ya bushe kuma ya dushe, ba ƙyalli, kamar bangon makarantar firamare.

Na koma wurin tsohon da motar a kwalin takalmi. Ya duba da gilashin ƙara girma ya ce aikina na dama bai taɓa ganin irinsa ba, ya tambayi ƙasar da ake yi wa motoci haka. Game da na hagu kuwa ya ce laifina ne, ina yi wa na ruwa aikin na mai. Sai in sayi abin shafawa na farko, da wani ruwa mai jinkirta bushewa, da wani mai tsinka shi, da wani da ake shafawa a ƙarshe don ƙyalli, in kuma riƙa ɗora launi siriri-siriri sau biyar ko shida. Wato in tara kwalba huɗu su haɗu su yi mini ƙaryar abin da gwangwani ɗaya ke yi da gaskiya. Na saya. Na zauna kamar sabon ɗan koyo, da furfurata, ina koyon abin da ban ƙaunata. Ya ɗan gyaru. Wanda bai sani ba zai ce ya yi kyau. Ni in na juya motar daga dama zuwa hagu sai in ji kamar na ga mutum da ɗan'uwansa marar lafiya.

Wani abin da na gano, na ruwan ma in ya bushe a fata jiki gare shi. Yana ɓarewa kamar saɓar maciji. Shi ma leda ce, shi ma ruwa ba ya ratsa shi. Na yi niyyar in je in ɓare shi a gaban Dakta in ce ga halal ɗin naka. Sai na fasa, domin da ruwan ɗumi da sabulu yana fita tas cikin minti ɗaya, kuma wannan shi ne bambancin, na sani. Abin da ya fi ci mini rai ke nan a duk lamarin. Na tambayi wani malami a waya, a gida, wanda ba ruwansa da mu, ya ce in ɗan kaɗan ne a wurin mai sana'a akwai masu sassautawa, amma ga wanda ke jan mutane, kuma ba da fentin yake ci ba, gara ya fita daga shakka. Wato yaron bai yi ƙarya ba. Da ƙarya ya yi da na samu abin riƙewa.

Mako biyar na yi ina gyaran hannu. Na bi kowace tsaga da allura na tono tsohon launi. Na sayi man kaɗanya a kantin Alhajin, shi da kansa ya miƙo mini. Na jira farcen ya tofo na yanke, ya sake tofowa na sake yankewa. Duk wannan lokacin a sahun farko nake, bayan Dakta. Ba zan ci amanarsa ba, yana da karatu, irin na waya, kowane harafi a wurinsa, kuma ba ya ja da tsawo, abin da direbobi ke so ke nan tunda sun bar mota a bakin famfon kashe gobara. Na ji ana cewa wani ya ɗauki muryarsa ya sa a guruf. Shekara shida ba wanda ya taɓa ɗaukar tawa.

Wata ranar Alhamis na shiga kanti kafin magariba na ce wa Alhaji hannu ya wanku, fentin mai kuma na bar shi. Ya ce madalla, mu sauka. Da muka sauka an taru, sai ya ce in nuna wa jama'a don zukata su kwanta. Dakta ya ce ba sai an duba ba, maganar Baba ta isa. Ka ga irin ladabin da nake faɗa. Alhaji ya ce a duba dai. Na miƙa hannu biyu, baya sannan ciki, kamar ranar Litinin a layin makaranta lokacin da malamin tsafta ke bi da bulala yana duba farce. Hasken ɗakin ba shi da ƙarfi, sai Bazazzagin nan, abokina, ya kunna fitilar wayarsa ya haska. Yatsa-yatsa ya bi. Ya ce ba komai. Aka ce Alhamdu lillahi, aka ta da iƙama, na shiga gaba.

Ban ji daɗin sallar ba. Da na ɗaga hannu zan yi kabbara ji na yi idanu sittin na kan yatsuna. Amma na kai ta, na sallame, na yi addu'a, aka tashi nafila. Ina zaune ina jan carbi, idona ya kai kusurwar da ake jingine buhunan shinkafar Alhaji. Bazazzagin na can yana sallah. Ya yi raka'a biyu, ya zauna, na jira ya sallame. Sai ya miƙe. Ya kawo ta uku, ya zauna, ya sallame. Ni dai aji huɗu na tsaya, amma na iya ƙirga uku. Nafilar bayan magariba biyu ce. Sallah ɗaya ce mai raka'a uku a wannan lokacin, ita ce wadda na gama ja masa yanzu.

Na jira shi a waje, gaban kanti, yana neman makullin motarsa.

"Raka'a nawa ka yi a kusurwa?"

"Nafila ce, Malam."

"Nafila mai uku?"

Ya dubi titi, ya dubi makulli. Ya ce in yi haƙuri, ba laifina ba ne, zuciyarsa ce ba ta kwanta ba.

"Da fitilarka ka duba."

"Hannu na duba, Malam. Ban ga lokacin da ka yi alwalar ba."

Na so in tuna masa kunun asibiti. Na so in tambaye shi ko sunayen 'ya'yansa ma zai sake raɗawa, tunda da hannun nan na ɗauke su. Sai na matsa na ba shi hanya, domin in na buɗe baki a lokacin abin da zai fito ba na liman ba ne. Ya shiga mota ya tafi neman fasinja.

Washegari na sa ido. Su biyu ne a kusurwa. Da lisha ba a ganewa, tunda mutum na iya cewa nafila huɗu ya yi, amma ranar Lahadi da magariba na ƙirga mutum uku, har da wanda ya yi maganar kwalliya. Ba wanda ya ce mini uffan. Gaisuwa ma ta ƙaru, Malam kaza, Malam kaza. Suna bina su ba ni girma, su koma gefe su ba Allah sallarsa ta gaske. Na mai da kaina abin da ake lallaɓawa, kamar tsohon da ake bari ya riƙe sitiyari mota a kashe.

Kwana tara na ja. A na goma na shiga kanti na ce wa Alhaji ya bar wa yaron gaba ɗaya. Na yi zaton zai ce haba, ko da na baki ne. Yana auna wa wata mata garin rogo, bai ko ajiye mudun ba, ya ce to Malam, Allah ya saka da alheri. Shekara shida, kuma bai ajiye mudu ba.

Na koma ɗaki na tattara kwalaben na ruwan da 'yan rakiyarsu huɗu na zuba a leda na ajiye a bakin bola, ko wani zai so. Na jiƙa gefen hagu na kankare shi karo na biyu har katako. Na ɓalle gwangwanin ja, ya yi fata a sama saboda zama, na cire fatar, na ɗiga tina na gauraya. Wata biyu ya ɗauke ni na gama motar yadda ake gama mota. Bayanta na yi wasu shida, har da tanka da tirela. Suna kan kanta a ɗakina, ba mai ganinsu sai ni da mai zuwa feshin kyankyaso.

Farce kuwa ban sake haɗa launi a kansa ba. A murfin kwalba nake yi, layin ba ya fita kamar da, na haƙura. Kafin kowace alwala ina bin yatsuna da tina har cikin faso, ya yi zafin da zai yi, in bi da sabulu, in duba a gaban taga. Ba don su nake yi ba. Yau a masallacin nan babu hannun da ya kai nawa tsabta, da fentin man nawa da komai, kuma ba wanda zan sake miƙa wa ya haska.

Dakta bai cika shekara biyu ba ya samu aiki a wata jiha ya tafi, aka yi masa walima da shinkafa da kaza. Aka sake duban juna. Alhaji ya dubi inda nake, na dubi kafet. Da aka rasa mai shiga, Bazazzagin aka tura. Sura huɗu gare shi, yana juya su kamar tayar mota, a ɗaya ma yana haɗiye aya, sai an ɗago shi daga baya. Ni ba na ɗago shi, akwai masu yi. A rabin sahun ƙarshe nake tsayawa, kusa da matakala, in ya sallame in sallame, in yi nafilata biyu in hau sama. Ko sau ɗaya ban taɓa sake sallar da na yi a bayansa ba.